Ƙulin Mai Gadi da Wayar Baba

Kakata ba ta taɓa hura wuta don tatsuniya kaɗai ba. Cewa take itace ba abin wasa ba ne. Wutar da muke zagayewa a ƙauyenmu, can gefen Yekuwa, wutar suyar ƙuli-ƙuli ce, kuma da zarar an kwashe kaskon ƙarshe labari ya ƙare ke nan, ko da kura tana tsakiyar gudu.

Ni a Magariya na tashi, inda Baba yake aiki a meri, ofishin magajin gari. Amma duk hutun sanyi na lakwal, wato makaranta, yakan ɗora ni bayan moto, babur ɗinsa, ya kai ni wurin mahaifiyarsa in yi sati biyu. A lokacin an gama cirar gyaɗa, an ɓare, buhuna na jingine a kowane gida. Kaka da aminiyarta Iya Dije, wadda danga ɗaya ce tsakanin gidajensu, sana'arsu ɗaya tun kafin a haifi Baba. Su soya gyaɗa, su kai niƙa, su yini suna matsar mai, in an yi magariba su murza tunkuza su soya ƙuli, ranar kasuwa a ɗora a amalanke. Kasko ɗaya gare su, baƙi ƙirin, kunnensa ɗaya ya karye, kuma ba wanda ya san ko na wace ce a cikinsu. Iya Dije dogayen ƙuli take murzawa. Kaka kuwa zobe take yi, kowanne sai ta danna masa babban yatsa a gefe kafin ta jefa shi cikin mai.

Yaran unguwa ba don labari kaɗai suke zuwa ba, har da gutsattsarin da ke zama a gindin kasko. Ni wurina bayan turmi ne, inda nake ganin kowa ba mai ganina sosai. Ba na iya magana cikin mutane, har yau ma haka nake. Sunana Balki, amma Kaka ba ta taɓa kirana da shi ba.

"Shiru, matso kusa da wuta," in ji ta. "Ko sanyin ma kunyarsa kike ji?"

Ita da tata hanyar buɗe labari. Sai ta ɗaga ludayi ta ce, "Ga ta nan a bakin kasko." Mu kuma mu amsa, "Ta soyu mu ci."

Tatsuniyoyinta da yawa na manta da su, ko sun cakuɗe mini da na wasu. Guda ɗaya ce ta zauna daram, ta kasuwar bayan tudu.

Wai akwai wata kasuwa da ba a shiga da dabba. A ƙofarta akwai wani tsohon mai gadi, wurinsa kowa ke barin jakinsa. Mutumin kirki ne, ba ya cin amanar kowa, sai dai Allah ya yi shi ba ya riƙe fuska. In ka gaishe shi ka juya baya ka sake juyowa, sabuwar gaisuwa za ku yi. Ko matarsa ce ta kawo masa fura sai ta faɗi ko ita wace ce. Da ya ga rigima ta yi yawa a kan jakuna, sai ya samo dabara. Duk wanda ya bar jaki, sai ya miƙa masa zoben ƙuli ɗaya mai wani zane a jiki wanda shi kaɗai ya san karatunsa. Sharaɗi uku ne: kada ka ci, kada ka karya, kada ka tambayi abin da aka zana. In ka dawo ka miƙa masa, ya duba, ya ce, "Af, kai ne mai jakin nan mai farin goshi," ya kwanto maka abinka.

Wata rana ƴan'uwa biyu mata suka zo, kowace da jakinta. Babbar ta shiga kasuwa, yunwa ta kama ta, ta ce a gutsuri kaɗan ba ya komai. Gutsure ya ja gutsure, ƙuli ya ƙare. Da ta dawo ƙofa ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta kwatanta jakinta har da tabon da ke gindin jelarsa. Mai gadi ya dube ta da tausayi ya ce, "Baiwar Allah, ban taɓa ganinki ba." Da ƙafa ta koma gida.

Ƙaramar ta ƙulle nata a bakin zane, ba ta taɓa shi ba. Abin da ba ta sani ba shi ne, ƙulin nan yana shan ƙamshin duk rumfar da aka tsaya da shi. Da ta miƙa, mai gadi ya kai hanci ya ce, da ƙarfi, gaban jama'a, "Sannu da dawowa! Kin tsaya wurin mai gishiri, kin tsaya wurin mai daddawa, kin kuma daɗe ƙwarai wurin mai magani. Wa ba shi da lafiya a gidanku?" Ga shi kuwa uwarsu ta ja mata kunne kada kowa ya ji. Ta samu jakinta, amma kafin ta isa gida labari ya riga ta.

A daidai nan kullum Iya Dije take tsoma baki.

"Ƙarya kike, Hajo," ta ce wa Kaka. "Yadda na ji ta wurin tsofaffi, raɗa ya yi mata a kunne."

"Tsofaffinki kurame ne, shi ya sa suka ji kamar raɗa."

"Mutumin da kika ce na kirki ne, zai tona yarinya a bainar jama'a?"

"Ai bai san tonawa yake ba. Shi dai hanci gare shi. Juya ƙulin nan, sarkin gardama, kafin ya ƙone."

Mu yi ta dariya. Wani yaro ya tambaya wace ce ta fi wayo cikin su biyun, Kaka ta ce kowa ya je ya kwana da tambayar. Daga nan ta buga ludayi a ƙasa ta ce, "Mai ya tsane, wuta ta kwanta, kowa ya nemi uwarsa."

Shekarar da na shiga kolej, ina da sha biyu, na zo hutu na tarar da wasu ƙananan abubuwa sun canja. Ba wanda ya lura, don ba wanda ke zama bayan turmi. In Kaka za ta zuba mai a kwalba, sai ta sa ɗan yatsa a bakin kwalbar, ba ta tsayawa sai man ya taɓa shi. In mutum ya shigo, ba ta gaishe shi da suna sai ya fara magana. In za ta makewayi, hannunta na hagu na bin danga. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Iya Dije. Da, wadda duk ta ga ƙuli ya yi ja ita ke kwashewa. Yanzu sai Iya Dije ta buga ludayi sau biyu a kunnen kasko, ƙwas ƙwas, kamar tana kaɗe mai, nan take Kaka ta sa mataci ta kwashe, ba tare da ta yanke labari ba.

Wata safiya muna tsintar gyaɗa a faifai, muna fid da ruɓaɓɓu. Na ga tana barin baƙaƙe suna wucewa, tana zubar da masu kyau. Na riƙa bin bayan hannunta a hankali ina gyarawa. Can sai ta cafke mini wuyan hannu.

"Tun yaushe kika gani?"

Na sunkuyar da kai. "Tun ranar da na zo."

Ta daɗe ba ta sake ni ba. Sannan ta ce, "Kamar hayaƙi ne ya shiga ya ƙi fita. Bara ɗaya ne, bana ya kama ɗayan." Ta rage murya. "Ki saurare ni, Shiru. In mai moto ya ji, kwasata zai yi ya kai Magariya ya jingine a ɗakin siminti kamar buhun gero." Baba ɗanta ne na fari, ba ta faɗin sunansa, mai moto take ce masa. "A nan na san taku nawa ne daga ɗaki zuwa murhu. Dije ce idona. Ke kuma ki zama bakina, a rufe. Kin ji?"

Na ce na ji.

"Na sani," in ji ta, ta saki hannuna tana dariya. "Ke ko a turmi aka sa ki aka matsa kamar tunkuza, mai zai fito, magana ba za ta fito ba."

Ran Asabar Baba ya zo duba mu da sukari da ganyen shayi. Da ya tafi gaisuwa cikin gari sai ya bar mini wayarsa in yi wasa, kamar yadda ya saba. A ƙauyen rezo, wato sabis na waya, ba ya kamawa sai a kan tudun da ke bayan rijiya. Na hau can na zauna a gindin wata aduwa.

Ba tonawa na je yi ba, Allah ya sani. A daren da ya gabata na ga gefen zanen Kaka ya kusa lasar wuta, ita ba ta gani ba, Iya Dije ce ta ture shi da ƙafa. Na kwana ina ganinta cikin tafasasshen mai. Tunanina shi ne in na san sunan ciwon, wataƙila akwai maganin da zan sayo a ɓoye in kawo mata. Da ɗan Faransancin da nake da shi na rubuta: hayaƙi a idon tsohuwa. Shafuka suka fito. Na buɗe wannan, na buɗe wancan. Kowanne na buɗe sai wani ɗan akwati ya taso ya rufe rubutun yana tambaya ko na yarda. Ban karanta abin da zan yarda da shi ba, ina sauri, na riƙa danna na yarda, na yarda. Na gano ciwon yanar ido ne, wata yana ce ke rufe ƙwayar ido, kuma ba a shan magani ta tafi, aiki ake yi. Na rubuta sunan a bangon kayena, littafin rubutuna, da ƙananan baƙaƙe.

Kafin in sauko na shiga inda waya ke jera abin da aka duba, na goge duka, yadda na ga wata ƴar ajinmu tana yi. Na duba sau biyu. Fes, ba ko layi ɗaya. Na sauko daga tudun ina jin kaina mai wayo.

Asabar ta gaba Baba ya dawo ɗaukata. Ya saba kwana wurin abokansa na ƙuruciya sai da safe mu gan shi, amma ran nan sai ya jawo kujera ya zauna a bakin wutarmu, abin da bai taɓa yi ba. Kaka tana cikin labarin kasuwar bayan tudu. Ya dube ni sau ɗaya, duba mai tsawo, sannan ya mai da ido kan uwarsa. Ya ga yatsa a bakin kwalba. Ya ji ƙwas ƙwas. Sai ya ciro goro daga aljihu ya miƙa mata ta gefen hagu, bai yi magana ba. Hannunsa na nan a miƙe, wuta na haska goron, ita tana ta labari. Mu duka muna kallo.

"Inna," ya ce a hankali, "ga goro."

Ta miƙa hannu inda muryar ta fito. Goron ba a can yake ba.

Iya Dije ce ta kori yara. Ran nan ba a kai ga ƙaramar ƴar'uwa ba.

Ina kwance a ɗaki ina jin su ta zana. Kaka ta ce, "Wa ya gaya maka?" Baba ya ce, "Ba kowa, Inna." Ta sake tambaya, ya sake ba ta amsa ɗaya. Ta ce, "Mutum biyu ne suka sani a duniya, ɗaya kuma ba ta da baki."

Da safe aka kawo amalanken da zai kai ta bakin hanyar mota. Baba ya tafi wurin mai gari sallama. Iya Dije ta shigo da ƙullin ƙuli a leda da tulun ruwa ƙarami, tana cewa, "Hajo, ki yi haƙuri, wataƙila alheri ne." Ni ina tsaye a bayan rumbu da jakar lakwal a hannu, taku biyar tsakaninmu.

Kaka ba ta juya ba. Ta ce, "Shekara arba'in muna kasko ɗaya, Dije. In kin gaji da zama idona, da kin faɗa mini ni, ba shi ba. Ki riƙe kaskon. Na bar miki."

"Ni? Hajo, ni? Wallahi ko da wasa..."

"Ja mu tafi," in ji Kaka ga mai amalanke.

Bakina ya buɗe. Na tuna da wannan sarai, don iska mai sanyi ta taɓa mini haƙora. Sai wani abu a cikina ya ce: ai kin goge. Kin duba sau biyu. Ba ke ba ce. Na rufe bakin, na hau amalanke na zauna kusa da ita, ta dafa gwiwata har bakin hanya.

A Damagaram aka yi mata aiki. Ido ɗaya ya buɗe tar, ɗayan ya ɗan samu sauƙi. Ranar da aka cire mata bandeji ta dube ni ta ce, "Ashe haka kika yi tsawo, kamar karan dawa." Kowa ya yi hamdala, ni ma na yi, da gaske. Amma abin da ta ji tsoro shi ya faru. Da farko aka ce ta zauna sai an gama komawa wurin likita. Sannan aka ce damina ta sauka, hanya ba kyau. Sannan aka daina cewa komai. Ta zauna a ɗakin da ke kusa da namu shekara biyu da ƴan watanni. Ƙannena sun sha roƙonta tatsuniya, ta ce tatsuniya ba ta son hasken lantarki.

Ba a daɗe da dawowarmu ba, na ɗauki wayar Baba zan duba wani aikin lakwal, sai na ga ido. Ido a saman shafi, ido a ƙasa, tallar tabarau, tallar maganin ɗigawa, tallar wuraren aikin ido. Na ajiye wayar a kife. Ban san yadda aka yi ba, kuma ban nemi sani ba. Na goge, na ce wa kaina. Da wannan kalmar na rayu shekara shida.

Sau uku Iya Dije ta aiko da ƙuli ta hannun masu zuwa kasuwar Magariya. Na farko da na biyu Kaka ta raba wa yara, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Na uku ta ce a mayar. Ni aka aika. Ni na ɗauki ledar nan na kai tasha na ba direba, na ce a ba Iya Dije ta gidan da ke kusa da rijiya. A hanya na leƙa ciki. Ba dogaye ba ne irin nata. Zobba ta yi, kowanne da shaidar yatsa a gefe.

Kaka ta rasu cikin bazara. Iya Dije ta zo gaisuwa a bayan moton wani jikanta, ta zauna daga bakin ƙofa, ba ta shiga cikin mata ba, kafin la'asar ta tafi. Ni ce na kai mata ruwa. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Shiru." Ban iya kallon fuskarta ba.

Bana ina ajin ƙarshe a lise, babbar sakandare, muna shirin jarrabawar bak. Akwai sa'a ɗaya a sati da ake koya mana kwamfuta, yawanci a allo, don na'urorin ba su isa ba. Wata rana mushenmu, wato malaminmu, ya rubuta kalma ɗaya ya ja mata layi: kukis. Ya ce wa ya taɓa ganin ɗan akwatin da ke tambaya ko ka yarda? Kowa ya ɗaga hannu. Ya ce wa ya taɓa karantawa? Aka yi dariya.

Ya ce shafin intanet ba ya riƙe fuska. In ka buɗe shi ka fita ka dawo, a wurinsa baƙo ne kai. Don haka a farkon zamanin intanet wani matashin injiniya a Amurka ya fito da dabara: shafin ya ba na'urarka wata ƴar alama ta ajiye, in ka dawo ta miƙa masa, ya gane ka. Kuki da Turanci biskit ne. Wata daga baya ta ce, "Mushe, to ana ci?" Ya ce ta jira a tashi. Ya ce injiniyan ba shi ya ƙirƙiro sunan ba, arowa ya yi. Tun kafin shi masu rubuta manhaja suna da abin da suke kira kukin sihiri: ɗan ƙullin bayani da wata manhaja ke ba wata, mai karɓa ba ta buɗewa, ba ta canjawa, ba ta ma san abin da ke ciki ba, iyakarta ta riƙe ta mayar yadda aka ba ta. Su kuma inda suka samo sunan, ya ce ba a da tabbas. Wasu na cewa daga wani biskit ne da ake ba mutane a gidajen abinci, mai ƴar takarda a naɗe a cikinsa.

Alƙalamina ya tsaya tun daga "ba ya riƙe fuska". Ina jin ƙamshin man gyaɗa a cikin aji.

Ya ci gaba. Ya ce masu talla ma suna ba da nasu, kuma da su suke sanin shafukan da ka bi, shi ya sa in ka nemi takalmi yau sai takalma su yi ta binka. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Tunda na shiga lise ban taɓa tambaya a aji ba, har wasu suka juyo.

"Mushe, in mutum ya goge jerin abin da ya duba fa?"

"Jerin daban, kukis daban," in ji shi. "Kin share sawunki a ƙofar gida, amma abin yana ƙulle a bakin zanenki."

Da yamma na sami Baba yana wanke moto. Na tsaya har ya ɗago. Na ce, "Baba, ciwon idon Kaka. Yaya aka yi ka sani?"

Ya matse tsumma. Ya ce satin nan duk inda ya buɗe a waya ido yake gani, shi kuwa bai taɓa neman komai a kan ido ba, kuma ni kaɗai na taɓa wayar. "Na ɗauka ke ce idonki ke ciwo kina jin kunyar faɗa. Don ke na zauna a bakin wutar nan. Sai na ga kina tsinto allura a ƙasa cikin duhu, ita kuwa tana auna mai da yatsa." Na ce me ya sa bai faɗa mata gaskiya ba? Ya ce, "In ce mata jikarta? Ke kaɗai take sake wa fuska a lokacin." Na tambaye shi ko ya san wa ta zarga. Ya ce ya ɗauka faɗan tsofaffi ne, zai wuce.

Hutun sanyin da ya wuce na ce ya kai ni ƙauye. Gidan Kaka wani ƙanen Baba ke ciki da iyalinsa. Na tarar da Iya Dije bayan magariba a bakin murhu, ita kaɗai, da kaskon nan mai kunne ɗaya. Yara biyu na zaune nesa kaɗan suna jiran gutsattsari. Ba mai ba su labari.

Na durƙusa na gaishe ta. Sai da na yi magana ta ce, "Shiru? Ke ce?"

Na tsara maganar tun a hanya, amma da na fara sai ta fito a hargitse. Tudu, aduwa, ɗan akwati, na yarda, kukis, injiniya, mushe. Ta bar ni har na ƙare.

"Tsaya," ta ce. "Wayar ce ta gaya masa?"

"Kusan haka ne, Iya."

"Kamar mai gadi."

"Kamar shi."

Ta jefa dogayen ƙuli huɗu cikin mai, suka yi cuu. Ta daɗe tana sauraren su.

"Wannan duk na ji," ta ce. "Yarinya ta ji tsoro, ta nemi magani, ba laifi. Da ba a yi haka ba da Hajo ta mutu ba ta sake ganin fuskar kowa ba. Amma ranar da aka sa ta a amalanke, kina ina?"

"Bayan rumbu."

"Kin ji abin da ta ce mini?"

"Na ji."

"Da ledar da aka maido mini, wa ya kai tasha?"

"Ni."

"To, wannan ba waya ba ce."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka, ita kuma ba ta ce in daina ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ce abin da ya fi cinta ba zargin ba ne, a'a, ta yi shekara biyu tana tara abubuwan da za ta gaya wa Hajo in sun shirya, wanda ya yi aure, wanda ya haihu, rijiyar da ta rufta, har yanzu suna nan ba ta san inda za ta kai su ba.

Tun ina ƙarama nake juya tambayar da Kaka ta ce mu kwana da ita, wace ta fi wayo, wadda ta ci ko wadda ta ajiye. A bakin murhun nan na ga ba a cikinsu nake ba. Mai gadi hanci ne da shi kawai, kamar yadda ta ce, bai san tonawa yake ba. Ni na sani, ko ban san ta yaya ba. An yaba mini shiru tun ina yarinya har na ɗauka duk shiru amana ce. Wanda na yi wa Kaka na kwana shida ne. Wanda na yi a kan Iya Dije na shekara shida, kuma ba don kowa na yi shi ba sai don kaina.

Ƙauri ya fara tashi. Na duba kasko, ƙulin ya wuce ja ya doshi baƙi, ita kuwa tana zaune da mataci a hannu, fuskarta na kallon wuta, tana jira. Sai a lokacin na lura da kwalbar da ke gefenta, da man da ya jiƙa mata ɗan yatsa.

Na ɗauki ludayi na buga a kunnen kasko. Ƙwas ƙwas.

Ta kwashe su tas, ta juye a kwando. Ba ta juyo ba ta ce, "Tun bara ne. Ni ba irin Hajo ba ce, ina so a kai ni, a kuma dawo da ni. Ki gaya wa ubanki."

Na ce to.

"Da bakinki, Balki," ta ce. "Ba da waya ba."